Yadda Za Ka Mayar da Talabijin Ɗin Gida Allon Kwamfuta

A Damagaram samun talabijin ya fi samun allon kwamfuta sauƙi. Kusan duk gidan da wuta ta shiga akwai shi, ga shaguna a Kasuwar Dole cike da su, sababbi da na hannu. Shi ya sa ɗalibin Jami'ar André Salifou da fuskar laftof ɗinsa ta tsage ana gab da karɓar kundin bincike, da malamin da ke son aji duka su ga abin da yake nunawa, da mai shagon buga takardu da ya gaji da ƙanƙance ido, duk tambayarsu ɗaya ce: wannan tele ɗin zai yi? Galibi zai yi. Jonawar ba ta cin minti biyar. Aikin yana bayan an jona, domin an ƙera talabijin ne don kallo daga nesa, kuma yana yi wa hoto kwalliya ko ba a sa shi ba. Kwalliyar da ke gyara fuskar ƴan wasa ita ce ke ɓata harafi, sai an bi an wanke ta.

Fara da leƙa bayan talabijin

Kada ka sayi komai sai ka juya talabijin ka ga ramukan da ke bayansa ko gefensa. Idan ka ga wani siriri mai faɗi an rubuta HDMI a kansa, ka huta. Waya ɗaya ce za ta ɗauki hoto da sauti gaba ɗaya. Duba ko ramukan nawa ne, ka kuma riƙe lambar kowanne, don za ka buƙace ta nan gaba. Wasu talabijin, musamman waɗanda suka ɗan kwana biyu, suna da rami shuɗi mai ƙananan huda 15, an rubuta VGA ko PC ko RGB. Wannan tsohon hannu ne, tun 1987 kamfanin IBM ya fito da shi, kuma hoto kaɗai yake ɗauka. Kusa da shi za ka ga ƙaramin rami irin na abin saƙalawa a kunne, nan ne sauti ke shiga da tasa wayar daban.

Idan kuwa tsohon talabijin ne mai ƙaton ƙeya, wanda ba shi da komai sai ramuka uku, rawaya da fari da ja, to gaskiya ita ce kada ka wahalar da kanka. Akwai ƴar na'urar da ke juya HDMI zuwa waɗannan ukun, kuma hoto zai fito, amma layuka 576 ne iyakar abin da irin wannan talabijin ke nunawa, su ma suna rawa. Fim zai kallu. Rubutu ba zai karantu ba.

Sai ka koma kan kwamfutar. Yawancin laftof da ke hannun mutane suna da HDMI. Tsofaffin kwamfutocin ofis na tebur, irin Dell da HP da ake shigowa da su na hannu, sau da yawa ba su da shi, sai VGA da wani rami mai kama da HDMI amma kusurwa ɗaya ce kawai a yanke. Sunansa DisplayPort, kuma wayar HDMI ba ta shigarsa, kada ka tura da ƙarfi. Sababbin laftof sirara kuma wasu USB-C kaɗai gare su, kuma ba kowane ramin USB-C ke fitar da hoto ba. Nemi ƴar alamar walƙiya ko harafin D kusa da ramin.

Wayar da za ka saya

HDMI a nan, HDMI a can: waya ɗaya, shi ke nan. Mita ɗaya da rabi zuwa uku ta wadatar, kuma mai tsada ba ta fi mai matsakaicin kuɗi kyan hoto ba, domin saƙon ko ya isa ko bai isa ba. Abin dubawa shi ne kan wayar ya zauna daram, ba ya girgiɗi. Idan nisan ya haura mita 10, nan ne wayar banza ke fara nuna hali, hoto ya riƙa ɗaukewa ko ƙananan taurari su riƙa ƙyalli a kai.

Inda mutane ke asarar kuɗi shi ne wajen na'urar juyi. Waɗannan ƴan akwatunan hanya ɗaya suke bi, ba sa komawa. Wadda ke ɗaukar HDMI daga kwamfuta ta kai wa allo mai VGA daban take da wadda ke ɗaukar VGA daga kwamfuta ta kai wa talabijin mai HDMI, ko da yake a ido kusan kamarsu ɗaya. Ta farkon ce ta cika kasuwa. Mai tsohuwar kwamfuta ta biyun yake buƙata, kuma ana gane ta da ƙarin wayoyi biyu da ke maƙale da ita, ta USB don wuta da siririya don sauti. Haka DisplayPort: daga kwamfuta zuwa HDMI na talabijin yana yi da ƙaramin kan juyi, amma a juye ba ya yi. In kana da hali, ɗauki laftof ɗin ka je da shi shagon, a gwada a gabanka kafin ka biya. Mai shago na kirki ba zai ƙi ba.

Maganar wuta, kafin ka taɓa komai

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, kuma shi ne ke cika teburin masu gyara da talabijin da ramin HDMI ɗinsu ya mutu. Wutarmu volt 220 ce, kuma gidaje da yawa a Birni da Zango da sauran unguwanni an ja musu waya biyu ne kawai, babu ta ukun da ke sauke wuta a ƙasa. Alamar ita ce ɗan jan nan da kake ji idan ka shafa ƙarfen laftof yana caji, ko ka taɓa kan wayar dikoda. Wutar da ke tsikarar yatsanka kaɗan ce, amma idan ta bi ta ƙananan filolin HDMI a daidai lokacin da kake cusa waya, tana iya ƙona abin da ke bayan ramin.

Don haka kashe talabijin, ka zare filoginsa daga bango. Zare cajar laftof. Jona wayar HDMI a ɓangarorin biyu, sannan ka mayar da wuta. Talabijin da kwamfuta su sha daga ralanj ɗaya, kada ɗaya yana kan wutar gari ɗaya yana kan injin wuta ko batirin sola. Idan akwai regilatar a gidan, duka biyun su bi ta cikinsa. An ƙera HDMI yadda za a iya cirewa da sakawa na'ura tana kunne, haka ne, amma a gidan da babu wayar ƙasa gara a kashe wuta tukuna.

Da damina kuma ƙara wannan: idan hadari ya taso da tsawa, zare wayar da ta sauko daga tasar kan rufi. Tsawa tana iya bi ta dikoda ta shiga talabijin, daga nan ta bi HDMI ta sami kwamfutar da ba ta ji ba ta gani ba.

Jonawa da fito da hoto

Kunna talabijin, ɗauki telekomand, danna maɓallin Source ko Input, ka zaɓi lambar ramin da ka saka waya. Rabin masu cewa "bai yi ba" suna kan HDMI 1 ne alhali wayar tana HDMI 2. Sai ka kunna kwamfuta.

A Windows, riƙe maɓalli mai tambarin taga ka danna P. Zaɓi huɗu za su fito a gefe. Kwamfutocinmu wasu da Faransanci suke, waɗanda suka biyo ta Kano kuma da Ingilishi, amma jerin ɗaya ne. Dupliquer ko Duplicate yana nuna abu ɗaya a allon biyu, shi ya dace da malami a aji. Étendre ko Extend yana mayar da talabijin ƙarin fili, ka ja taga daga wannan allo zuwa wancan, littafin da kake karantawa a can, rubutunka a nan. Na ƙarshe a jerin yana kashe allon laftof ya bar talabijin kaɗai. Ni shi nake ba mutane shawara su fara da shi, saboda a Dupliquer kwamfuta tana neman girman da allon biyu za su iya ɗauka, sai mai kyaun ya sauko ya bi maras kyaun.

Wanda allonsa ya mutu gaba ɗaya zai yi wannan a makance: Windows da P, kibiyar ƙasa sau ɗaya, sai maɓallin Entrée ko Enter, ka jira ƴan daƙiƙu. In bai fito ba ka maimaita. Tsofaffin laftof suna da nasu maɓallin a layin sama mai zanen allo, F4 a yawancin HP, F8 a Dell, F7 a ThinkPad, wani lokaci tare da Fn.

Wanke kwalliyar

Hoto ya fito, amma rubutu ya yi dishi-dishi, gefuna sun yanke, sandar ƙasa ta Windows rabinta ya nutse. Kada ka ce talabijin ɗin ne ba shi da kyau tukuna. Abubuwa huɗu ne ke jawo haka, kuma a jere ake bin su.

Na farko yawan ɗigo. Kowane allo yana da adadin ɗigon da aka gina shi da su, kuma rubutu ba ya fita tas sai kwamfuta ta aiko daidai wannan adadin. Danna maɓallin dama na linzami, wato mouse, a filin allo, shiga Paramètres d'affichage ko Display settings, ka nemi wurin résolution. Talabijin Full HD yana son 1920 × 1080. Amma yawancin masu inci 32 da ke gidajenmu 1366 × 768 ne, waɗanda ake rubuta wa HD Ready a kwali. Matsalar ita ce da yawansu suna gaya wa kwamfuta cewa suna karɓar 1080. Ba ƙarya suka yi ba, suna karɓa, sai dai su matse ɗigo miliyan biyu cikin gurbin miliyan ɗaya, harafi ya dagule. Idan ka ga haka, sauko da hannunka zuwa 1366 × 768, in babu shi 1360 × 768, ka kwatanta da idonka. Lambar samfurin da ke maƙale a bayan talabijin, in ka bincika ta a intanet, za ta gaya maka ainihin adadin. Ban cika yarda da abin da aka buga a kwali ba, musamman kwalin da sunan kamfanin ya yi kama da sananne amma harafi ɗaya ya sauya.

Na biyu yankan gefe. Tun zamanin tsofaffin talabijin ake ɗan zuƙo hoto don a ɓoye dattin da ke gefen watsa shirye-shirye, kuma har yau sababbi suna zuwa da wannan ɗabi'a a kunne. Shiga menu na talabijin, sashen hoto, wurin girman hoto ko Format de l'image. Samsung suna kiran abin da kake nema Screen Fit, LG kuma Just Scan, Sony Full Pixel, wasu Dot by Dot ko 1:1. Idan kalmar Overscan ka gani, kashe ta. Akwai hanyar rage hoton daga ɓangaren kwamfuta, a manhajar Intel ko NVIDIA ko AMD, amma wannan sai in talabijin ya ƙi, domin gefen zai dawo amma kaifin rubutu ba zai dawo ba.

Na uku shi ne Sharpness, wato Netteté. Sunan yana ruɗar mutane su ƙara shi. Abin da yake yi shi ne zana farin layi a gefen kowane abu mai duhu, sai kowane harafi ya sami inuwa. Rage shi sosai. A wasu talabijin sifili ne daidai, a wasu kuma sifili yana dusashe hoto, sai ka tsaya inda farin layin ya ɓace. A wannan sashen kuma kashe duk abin da aka ce yana rage hayaniyar hoto ko yana ƙara bambancin haske da kansa, ka fita daga yanayin Dynamique ko Vivid. Wannan yanayin na shago ne, don talabijin ya fi na kusa da shi ɗaukar ido.

Na huɗu ba kowa ya san shi ba. Talabijin yana rage bayanin launi, saboda a fim ido ba ya lura. A rubutu kuwa yana lura: buɗe Word ka rubuta layi da ja a kan shuɗi, za ka ga haruffan sun jiƙe. Maganin a talabijin da yawa, musamman Samsung da LG, shi ne ka shiga jerin Source, ka sauya sunan ramin ko alamarsa zuwa PC. Da ka yi haka talabijin zai daina rage launi, kuma sau da yawa zai kashe sauran kwalliyar da kansa. A wasu tsofaffi rami ɗaya ne kawai ke yin wannan, wanda aka rubuta wa HDMI/DVI.

Idan bayan duk wannan baƙi ya koma toka-toka, ko kuma wurare masu duhu sun haɗe ba ka ganin komai, kwamfuta da talabijin ne ba su daidaita kan ma'aunin haske ba. Kwamfuta tana ƙirga daga 0 zuwa 255, talabijin daga 16 zuwa 235. Nemi HDMI Black Level ko Niveau de noir ka sauya shi, zaɓi biyu ne ko uku, idonka zai gaya maka daidai.

Linzami mai nauyi, da sauti

Ka motsa linzami, kibiyar ta biyo baya kamar ana jan ta. Lokacin da talabijin ke ɓatawa yana sarrafa hoto ne kafin ya nuna. Kunna Game Mode ko Mode Jeu, ka kashe abin da ke santsin motsi, TruMotion a LG, Auto Motion Plus a Samsung, Motionflow a Sony. Ko ba ka wasa, wannan yanayin ne ya fi daɗin aiki.

Sauti kuma idan ya ci gaba da fita ta laftof, danna alamar lasifika a kusurwar ƙasa, ka zaɓi sunan talabijin a jerin. Masu VGA su tuna da siririyar wayar sauti.

In talabijin ɗin 4K ne

Ɗigonsa 3840 × 2160 ne, sama da miliyan takwas, kuma tsohuwar kwamfuta za ta sha wuya. Ramin HDMI 1.4, wanda ya fito a 2009, yana kai 4K amma sau 30 kawai yake sabunta hoto a daƙiƙa, linzami ya riƙa tsalle. Sai HDMI 2.0 na 2013 ke kai sau 60. Idan laftof ɗinka na da ne, saka shi a 1920 × 1080 ka zauna lafiya. Idan sabo ne kuma har yanzu 30 yake nunawa, a menu na talabijin akwai abin da ake kunna wa kowane rami daban, Input Signal Plus ko HDMI UHD Color a Samsung, HDMI Ultra HD Deep Colour a LG. Rubutu zai yi ƙanana ƙwarai, sai ka koma Paramètres d'affichage ka ɗaga girman rubutu, wato Mise à l'échelle ko Scale, zuwa 150%.

Wurin zama, zafi da ƙura

Ga lissafin da ya kamata mai niyyar yin rubutu kullum ya sani. Laftof mai inci 15.6 da ɗigo 1366 × 768 yana da kusan ɗigo 100 a kowane inci. Talabijin mai inci 32 da wannan adadin yana da 49 kacal, ɗigon nan ne dai aka baza a fili ninki huɗu. Ba ƙarin wurin aiki ka samu ba, girma kawai ka samu. Mai inci 32 Full HD yana da kusan 69, mai inci 43 na 4K kuma kusan 102, shi ne ya yi daidai da allon kwamfuta na gaske. Saboda haka mai 768 ya yi wa kallo, koyarwa, da nuna wa abokin ciniki hotunan biki. Wanda zai wuni yana buga takardu a kai, idonsa zai gaya masa kafin la'asar. Ja da baya aƙalla mita ɗaya, ka rage hasken baya, Rétroéclairage ko Backlight, zuwa rabi ko ƙasa. Wannan yana rage cin wuta ma, abin da mai sola zai ji a batirinsa.

Talabijin da aka kafe can sama a bangon falo bai dace da aiki ba, wuya zai ƙage. Saman allon ya zo daidai da idonka kana zaune.

Idan kana son rufe laftof ka yi aiki da madannai da linzami na waje, shiga Panneau de configuration ko Control Panel, Options d'alimentation ko Power Options, wurin da ake zaɓar abin da rufe murfi zai yi, ka sa Ne rien faire ko Do nothing. Amma a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Damagaram ke haura digiri 40, bar murfin a ɗan buɗe, ka ɗora laftof a kan abu mai tauri, ba katifa ko darduma ba. Talabijin ma a bar tazara tsakaninsa da bango. Lulluɓin da ake yi masa saboda ƙurar hunturu yana da kyau, a dai cire shi duka kafin a kunna, ba a ɗage gaba a bar baya a toshe ba. Ramukan da ba ka amfani da su, ɗan salatif ya isa ya hana ƙura cika su.

Wani abu da ke firgita mutane: ana cikin aiki talabijin ya rubuta zai mutu, ko ya mutu kawai. Waɗanda aka yi don kasuwar Turai suna kashe kansu bayan awa huɗu idan ba a taɓa telekomand ba. A sashen Éco ko Minuterie ake kashe wannan.

Idan ya ce babu sigina

Bi su ɗaya bayan ɗaya, kada ka sauya abu biyu a lokaci guda. Tabbatar da lambar rami. Zare wayar dikoda ka saka taka a raminta, tunda ka san wannan ramin yana aiki. Gwada wayar dikodar kanta a kwamfuta. A Paramètres d'affichage danna Détecter. Danna Windows da Ctrl da Shift da B tare, allo zai yi ƙifta, manhajar hoto ta sake tashi. A kwamfutar tebur mai katin hoto daban, wayar tana shiga ramukan ƙasa ne na katin, ba na sama kusa da USB ba. Idan an taɓa sauke wa kwamfutar sabon Windows a shago ba a saka mata direban hoto ba, wato manhajar da ke tafiyar da katin hoto, HDMI ba zai yi aiki daidai ba sai an saka, kuma za ka gane haka idan a Gestionnaire de périphériques ko Device Manager ka ga an rubuta katin hoto na Microsoft na asali maimakon Intel ko AMD ko NVIDIA.

In ramin laftof ɗin ne ya mutu, kuma talabijin ɗin mai intanet ne, akwai sauran hanya. Buɗe Screen Mirroring ko Screen Share a talabijin, ka danna Windows da K a kwamfuta, ka zaɓi sunansa. Ba ya cin kuɗin intanet, na'urorin biyu ne ke magana kai tsaye, sai dai Wi-Fi na laftof ya kasance a kunne. Hoton yana ɗan jinkiri kuma rubutu bai kai na waya kaifi ba, don haka ya fi dacewa da nuna darasi ko hotuna. Don aikin kullum, kai laftof ɗin wurin mai gyara ya duba ramin, sau da yawa dalma ce ta saki saboda nauyin waya da ke rataye.